Ƙuri'ar fushi: wa ta hukunta, wa ta ɗora?

Baban Ilham (Leicester):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare na ɗauko fasinja daga tashar jirgin ƙasa, muna tafe rediyo na ta maimaita maganar Nigel Farage cewa in jam'iyyarsa ta Reform ta hau mulki a nan Birtaniya za ta soke takardar zama ta dindindin. Da na sauke shi sai na faka a gefen titi, na kashe mota, na yi shiru. Abin da zan faɗa zai ɓata wa wasu rai, a yi mini afuwa: ƙuri'ar fushi asara ce, kuma mai yin ta abokin hamayyarsa yake yi wa aiki kyauta.

Ba labari aka ba ni ba, ni na yi ta. Ranar 4 ga Yulin 2024 na je rumfar zaɓe da koren fasfona, na ɗauki ɗan guntun fensirin nan da suke ɗaurewa da zare, na tsallake Labour saboda Gaza, na ba 'yar takarar indifenda. Na fito ƙirjina wasai. Gari na wayewa sai ga Shivani Raja ta Conservative ta ci Leicester East, alhali ƙuri'unta ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Mu kuwa mun rarrabu: wasu Labour, wasu Lib Dem, wasu Claudia Webbe, wasu Keith Vaz. A daren da Conservative ta sha kayen da ya bar ta da kujeru 121, kujera ɗaya tak ta ƙwato a duk faɗin ƙasar, kuma tamu ce. Haushin kaza muka huce a kan dami. Zaɓe mai zuwa kada wanda ya sake gaya mini wai in bi zuciyata.

Maman Sadiq (Leicester):
Wa alaikumus salam. Baban Ilham, tsakanin gidanka da nawa tafiyar minti nawa ce a mota? Amma ni a Leicester South nake, kuma irin ƙuri'ar da kake kira asara ita ta kayar da Jonathan Ashworth na Labour, mutumin da kowa ya sa ran kujerar minista na jiran sa. Shockat Adam, mai gwajin ido da ba shi da jam'iyya, ya kayar da shi da ƙuri'a 979. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi ran nan, na rage muryar talabijin ɗin falo don kada in tashe su, ina tsaye da kofin shayi na ga ya ɗaga rawanin Falasɗinawa yana cewa nasarar ta mutanen Gaza ce. Wallahi sai da na zauna. Ƙuri'ata na cikin 979 ɗin nan. Ka ce mini asara ce?

Baban Ilham (Leicester):
Hajiya, taki ta ci, tawa ta faɗi. Caca kenan. Ni kuwa ba na caca da takardun zaman 'ya'yana.

Ɗalibar Bristol:
Yaya Baban Ilham, ba caca ba ce, lissafi ne, kuma da girmamawa naka lissafin ne bai fita ba. A tsarin nan nasu mazaɓu 650 ne, kowace da zaɓenta, wanda ya fi kowa ƙuri'a ya ɗauke kujera ko da da ƙuri'a ɗaya ce, babu zagaye na biyu. Don haka tambayar ba "in yi fushi ko kada in yi" ba ce. Tambayar ita ce su wa ke na ɗaya da na biyu a unguwarka. A wurin Maman Sadiq Conservative ba ta da wata dama, kokawar tsakanin Labour da indifenda take. A wurinku kuwa Conservative ta daɗe tana matsowa, ga masu neman ƙuri'u iri ɗaya har huɗu. Mu nan Bristol Central tsakanin Labour da Green ne, na ba Carla Denyer, ta kayar da Thangam Debbonaire, babu ɗan ra'ayin riƙau da ya amfana da ko ƙwayar ƙuri'a.

Kuma ko inda ba a ci ba, ba a banza ta tafi ba. Ɗan takara na ajiye fam 500, sai ya samu kashi 5 cikin ɗari ake mayar masa. Kuɗin da majalisa ke ba jam'iyyun adawa ma ana lissafa shi da yawan kujeru da kuma yawan ƙuri'u. Green ta zo ta biyu a mazaɓu 40, kuma wanda ya zo na biyu bana shi ne zai buga a takardar kamfe baɗi cewa "mu kaɗai za mu iya kayar da su a nan".

Injiniya (Manchester):
Ƙanwata, tunda lissafi kika kawo bari mu ƙarasa shi. Green ta zo ta biyu a 40, gaskiya ne. Reform fa? A mazaɓu 98 ta zo ta biyu, 89 daga ciki Labour take bi a baya. Ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4, kujera 5 kawai ta samu, saboda ƙuri'unta a warwatse suke. Yanzu sun fara taruwa. Ku tuna zaɓen cike gurbi na Runcorn and Helsby a Mayun 2025: Reform ta ƙwace kujerar daga Labour da ƙuri'a shida. Shida! Mutanen da za su cika motar Baban Ilham har da ɗaya a but. A irin wannan wurin duk wanda ya ba Green don ya huce, shi ya miƙa wa Reform mukulli.

Sannan ku dubi abin da ƙuri'ar dabara ta yi a 2024. Lib Dem da kashi 12 cikin ɗari ta kwashi kujeru 72, saboda magoya bayan Labour a kudancin Ingila sun cije sun ba ta inda ita ce ke iya kayar da Conservative. Liz Truss, tsohuwar firaminista, da ƙuri'a 630 ta rasa kujerarta. Shekara 14 ana mulkin Conservative, ba fushi ne ya kawar da su ba, haɗa kai ne.

Maman Sadiq (Leicester):
Injiniya, to an kawar da su, sai me ya biyo baya? Ba a yi sati uku da hawan Labour ba suka dakatar da 'yan majalisarsu bakwai, har da John McDonnell da Zarah Sultana, laifinsu kawai sun ƙi yarda a ci gaba da hana tallafi ga ɗa na uku. Cikin watan dai ministar kuɗi Rachel Reeves ta yanke wa mafi yawan tsofaffi kuɗin ɗumama ɗaki, sai da aka yi musu ca sannan suka ja da baya. Mayun 2025 firaminista Keir Starmer ya tsaya ya ce ƙasar na neman zama tsibirin baƙi, suka ce za a rufe ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje, suka ce shekara biyar ta samun zaman dindindin za ta koma goma. Wannan ba Farage ba ne fa, wanda kuka ce mu zaɓa don mu tsira daga Farage ne. A wurin aikinmu akwai yarinya 'yar Jos da take ƙirga watannin da suka rage mata a bayan littafin aikinta, ranar da ta ji maganar shekara goma a ɗakin wanki na same ta tana kuka. An gudu ba a tsira ba.

Injiniya (Manchester):
Hajiya ban ce waliyyai ba ne. Amma a faɗi ɗaya ɓangaren ma. Wa ya soke shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda tun a kwanakin farko? Wa ya dawo da kuɗin UNRWA, hukumar agajin Falasɗinawa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya janye ƙorafin da gwamnatin baya ta shirya kai wa kotun ICC a kan sammacin Netanyahu, ya dakatar da lasisin sayar wa Isra'ila makamai kusan 30, sannan ya amince da ƙasar Falasɗinu a Satumban 2025? Da Rishi Sunak na Conservative ne ya dawo, ko ɗaya ba za ki gani ba.

Maman Sadiq (Leicester):
Talatin cikin kusan 350, ka ƙarasa. Kuma ka tambayi kanka me ya sa suka yi. Starmer ɗin nan fa, mutumin da aka tambaya a gidan rediyon LBC a Oktoban 2023 ko Isra'ila na da damar yanke wa Gaza wuta da ruwa ya ce tana da ita, daga baya ya dawo ya ce ba haka yake nufi ba, kare kai yake nufi. Mutumin da a Nuwamban shekarar ya hana 'yan majalisarsa goyon bayan tsagaita wuta har 56 suka bijire masa. Dare ɗaya zuciyarsa ta yi laushi? Blackburn ta tafi da ƙuri'a 132. Birmingham Perry Barr ta tafi da 507. Dewsbury and Batley ta tafi. Corbyn, tsohon shugabansu da suka kora, ya koma Islington North ya kayar da ɗan takararsu. Cikin manyansu, Wes Streeting da 528 ya sha da ƙyar a Ilford North, Jess Phillips da 693. Bulalarmu suka ji, Injiniya. Kai da ka ba su ƙuri'a ba sharaɗi, me suka ba ka? Ɗan siyasa ba ya zuwa gaisuwa gidan da ya san ko ya zo ko bai zo ba nasa ne.

Injiniya (Manchester):
Ba ki da hujjar cewa don ku aka yi. Faransa da Kanada da Ostareliya ma sun amince da Falasɗinu a makon, su ma Leicester South suka ji tsoro?

Maman Sadiq (Leicester):
Su ma suna da masu zaɓe.

Kawu (Chingford):
Yara, ku sassauta. Na daɗe ina karanta ku ban ce uffan ba, don yatsuna ba sa sauri a wayar nan.

Ni a gidana ƙuri'ar ta tsage, ba a unguwa ba. Mazaɓarmu Chingford and Woodford Green, Iain Duncan Smith na Conservative ke riƙe da yankin tun 1992. A 2019 na bi ƙofa ƙofa cikin sanyin Disamba ina raba wa Faiza Shaheen ta Labour takardu, ta kusa kayar da shi, tazarar dubu ɗaya da 'yan kai ce. Muka ce to 2024 tamu ce. Ana saura 'yan makonni jam'iyya ta cire ta, wai saboda wasu rubuce-rubucen intanet da ta nuna ta so, aka kawo mana wata daga wata unguwa. Faiza ta fito indifenda. Ranar zaɓe muka tafi tare da gwaggonku, muka shiga ɗakin taron cocin da aka sa akwatin, ita ta nufi wannan lungu ni na nufi wancan. A hanyar dawowa babu mai magana. Sai da muka zo ƙofar gida tana neman mukulli a jaka ta ce, "Malam, ni dai Labour na ba, shekara talatin da biyu ta ishe ni." Na ce ni Faiza na ba. Tuwon daren nan a sanyaye na ci shi.

Sakamako: Duncan Smith 17,281. 'Yar Labour 12,524. Faiza 12,445. Ku haɗa na biyun ku gani. Tsakaninsu kuwa ƙuri'a 79 ce. To Baban Ilham, Injiniya, ku da kuka iya lissafi ku gaya mini: ni da gwaggonku wa ya yi ƙuri'ar dabara, wa ya yi ta fushi? Da safiyar ranar kowane ɓangare ya zura mana takarda ta ramin ƙofa yana cewa shi kaɗai zai iya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga, na yarda. Amma a tambayi wanda ya ɗauko guduma. Ba talakan da ya tsaya a layi ba ne.

Baban Ilham (Leicester):
Allah ya ƙara girma Kawu. Amma ko wa ya tsaga bangon, ƙadangaren a ɗakinku ya kwana.

Kawu (Chingford):
Ya kwana, ɗana, har yanzu yana nan. Ban musa ba. Abin da nake so ka gane, ni na taso cikin gidan 'yan NEPU. Iyayenmu sun yi shekaru suna jefa ƙuri'ar da suka san da wuya ta ci, ana ɗaure su, ana yi musu bulala a gaban alƙali. Da mai irin lissafinka ya zo lokacin, cewa zai yi su bi NPC su huta. Amma da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, haraji da jangali aka fara sokewa, kuma wannan daga waccan ƙuri'ar da ta sha faɗuwa ya fito. Na kuma ga ɗaya fuskar: muka rabu santsi da taɓo, aka tsige Balarabe Musa a 1981, muka koma muna zagin juna fiye da yadda muke zagin NPN. Shi ya sa da na ga Corbyn da Zarah Sultana sun fara sa-in-sa a bainar jama'a tun sabuwar jam'iyyarsu ba ta samu suna ba, ga Green can da sabon shugabanta Zack Polanski tana neman mutane iri ɗaya, sai gabana ya faɗi. Na taɓa ganin wannan wasan.

Ɗan Damagaram (Lyon):
Salamu alaikum. Ni baƙo ne a maganarku, Nijar ba ta cikin Commonwealth, ko a Ingila nake ba ni da ƙuri'a sai na zama ɗan ƙasa. Amma mu nan Faransa mun ga ƙarshen ƙuri'ar dabara, bari in ba ku.

Kwana uku bayan zaɓenku muka yi zagaye na biyu, 7 ga Yulin 2024. A zagayen farko jam'iyyar Marine Le Pen ce kan gaba. Sai 'yan takara fiye da 200 suka janye, na ƙawancen masu ra'ayin talakawa da na Macron, kowa ya bar wa wanda ya fi ƙarfi don a tare ta. Abin ya yi aiki, ta koma ta uku, ƙawancen talakawa ya zo na ɗaya. Mutane suka fito dandali suna murna. Wata biyu bayan nan Macron ya ɗauko Michel Barnier, ɗan jam'iyyar riƙau da ta zo can baya, ya ba shi firaminista. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abokin aikina a wurin gini, Bafaranshe ne ɗan ƙungiyar ƙwadago, ya ce tun 2002 da aka sa shi ya zaɓi Chirac don a tare uban Le Pen yake biyan wannan bashi, sau biyu kuma ya zaɓi Macron, kullum shi ake roƙo, ba a taɓa roƙon wani dominsa ba. Ya rantse ba zai ƙara ba.

Injiniya (Manchester):
Amma 2002 ɗin da ya kawo ai hujjata ce. Me ya fitar da Jospin, babban ɗan takarar masu ra'ayin talakawa, tun zagayen farko? 'Yan ɓangarensa ne kowa ya bi ɗan takarar zuciyarsa, suna cewa sai zagaye na biyu su haɗu. Da aka zo na biyun babu nasu a ciki.

Ɗan Damagaram (Lyon):
Haka ne malam. Shi ma ya sani. Ya ce mini sanin ne ya fi ci masa rai.

Ɗalibar Bristol:
Ni abin da ke ba ni mamaki, duk muna ta faɗa da juna an bar mai laifin a gefe. Labour ta samu kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u ta kwashe kujeru 411, kusan biyu bisa uku na majalisa. Yawan ƙuri'unta ma bai kai wanda Corbyn ya samu a 2019 ba, shekarar da aka ce an yi musu kaca-kaca. Mutum huɗu cikin goma ko fita ba su yi ba. Taron jam'iyyar na 2022 ya amince a koma tsarin raba kujeru daidai da yawan ƙuri'u, shugabanni suka sa ƙafa suka shure. Ga shi yanzu tsarin da ya ba su rinjaye da kashi ɗaya cikin uku zai iya ba Farage irinsa. In da gaske Reform suke tsoro, makamin na hannunsu. Ba sa so ne, don tsoron da muke ji shi ne jarinsu.

Baban Ilham (Leicester):
Ƙanwata an yi ƙuri'ar raba gardama a kan canza tsarin a 2011, mutane suka ƙi. Ni da tsarin da ke ƙasa zan shiga rumfa, ba wanda ke cikin littafinki ba.

Maman Sadiq, tambaya ɗaya zan miki, ki amsa tsakaninki da Allah, ban da kewaye-kewaye. A ce aiki ya mayar da ke wani gari a arewacin Ingila. Babu Shockat, babu Green mai ƙarfi. Labour da Reform ne kunnen doki, an ce tazarar ba ta wuce ɗari ba. Kina tsaye, fensir a hannu, yarinyar nan 'yar Jos na jiran sakamako. Ina za ki sa alamar?

Maman Sadiq (Leicester):
Kai dai Baban Ilham ba ka da dama.

Zan fara duba ɗan takarar tukuna. In yana cikin 56 ɗin nan da suka tsaya wa tsagaita wuta, ko cikin bakwai ɗin da aka dakatar, ba sai an roƙe ni ba. In kuwa ɗan amshin shata ne, zan je ofishinsa tun kafin ranar in gaya masa ido da ido ba shi da ƙuri'ata, in kai masa mata goma su faɗa masa haka.

Baban Ilham (Leicester):
Ban tambaye ki ofis ba Hajiya. Rumfa na ce.

Maman Sadiq (Leicester):
Zan cije in ba shi. Shi ke nan, ka ji daɗi? Amma in ka kuskura ka gaya masa tun yanzu, ni da kai ne, don ranar da ya san haka ranar zai daina ɗaukar wayata.

Injiniya (Manchester):
Na ɗauki hoton wannan saƙon, zan adana shi har 2029.

Kawu (Chingford):
Goge shi, Injiniya. Gwaggonku ma tana zauren nan, kuma tun ɗazu take leƙo ni daga kicin.